Fim ɗin da Jamus ta hana, Faransa ta hana, Rasha kuma ta ajiye

Abban Sadiq: Slm jama'ar gida. Jiya da daddare da aka kawo wuta na zauna na kalli wani tsohon fim na Faransa, baƙi da fari, sunansa La Grande Illusion, na 1937, wlh har yanzu bai sake ni ba. Wasu hafsoshin Faransa biyu ne Jamusawa suka harbo jirginsu a yaƙin duniya na ɗaya, aka kai su sansanin fursunonin yaƙi, daga nan har ƙarshe maganar guduwa ake, ana haƙa rami ta ƙarƙashin ɗaki ana fita da ƙasar a ɓoye ana zubarwa a lambu, ana tufka igiya, a ƙarshe mutum biyu suka tsere suka yi ta sayyada cikin sanyi har iyakar Suwizalan. Abin da ya ɗaure min kai, fim ɗin yaƙi ne amma ba fagen daga ko ɗaya a ciki, harbo jirgin ma ba a nuna ba. Amma sai da Jamus ta hana shi, Italiya ta hana, ita kanta Faransa mai abin ta hana shi a 1940. To me suka gani?

Ɗan Fagge: Fim ba faɗa ba rawa ba waƙa kuma ka zauna masa? Awa nawa ne ma?

Abban Sadiq: Bai cika awa biyu ba. Kuma rawa da waƙa akwai, sai dai fursunonin ne suka shirya wasan kwaikwayo, ƙarti suka sha kayan mata da gashin kanti.

Ɗan Fagge: To ai magana ta ƙare, wannan ko nan ka kawo shi almakashi zai sha 😂

Mushe Damagaram: Wa alaikumus salam Abban Sadiq, ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. Wannan fim tun muna lakkwal muka gan shi. Na Jean Renoir ne, ɗan shahararren mai zanen nan Auguste Renoir, kuma shi da kansa ya yi yaƙin, an harbe shi a ƙafa a 1915 ya rayu yana ɗingishi, daga baya ya koma sojan sama. Kakin da Jean Gabin, mai fitowa a Maréchal ɗaya daga cikin hafsoshin biyu, ya sa a fim ɗin ma na Renoir ne na lokacin yaƙin. Maganar Jamus kuwa ba ta da wuya. Ka duba wa ke ciyar da 'yan ɗakin nan, Rosenthal ne, Bayahude ɗan masu banki, gida na aiko masa da kayan gwangwani yana rabawa kowa, kuma shi ne ɗaya daga cikin biyun da suka tsira. Sannan kwamandan Jamus yana girmama fursunansa kamar ɗan ɗakinsu. Sannan bazawara Bajamushiya ta ɓoye abokan gaba biyu a gidanta har soyayya ta shiga tsakaninta da ɗaya. A 1937 fa, Hitila na shekara huɗu kan mulki. Goebbels ministan farfagandarsu cewa ya yi wannan fim shi ne abokin gaba na ɗaya a harkar silima.

Maman Ihsan: Ni wurin matar nan ne ya sa ni hawaye. Elsa. Tana nuna musu hotuna, mijinta ya mutu a Verdun, 'yan uwanta maza a Liège da Charleroi da Tannenberg, wuraren da Jamus ke tunƙaho da su wai manyan nasarori, sai aka nuno teburin cin abinci dogo ba kowa sai 'yar ƙaramar yarinyarta. Gwamnatin da ke shirin sake kwasar 'ya'yan mutane ai ba za ta bar uwaye su ga wannan tebur ba.

Abban Sadiq: Na Jamus na gane Mushe. Na Faransa ne ban gane ba, fim ɗin da ya yi kasuwa, ya ci kyauta a Venice a 1937, a Amurka ma aka sa shi takarar Oscar ta fim mafi kyau, wanda kafin shi ba a taɓa yi wa fim ɗin da ba da Ingilishi aka yi shi ba. Shekara uku kacal sai su ce kar a nuna?

Baba Saje: Ku yara ne shi ya sa. Ni na sa kaki shekara ashirin da biyu, kuma ina gaya muku da ni ne a kujerar nan a 1940 ni ma sai na hana. Ka tara yara 'yan shekara ashirin ka ba su bindiga ka ce gobe za ku fuskanci Jamus, da daddare kuma ka kai su silima su ga mai gadin Jamus yana ba fursuna sigari da abin busa don ya huce, su ga kwamandan Jamus na roƙon gafarar wanda ya harba. Gobe yaron nan ya ɗaga bindiga hannunsa sai ya yi nauyi, shi kuwa na can ɓangaren ba a nuna masa komai ba, ba zai jira ba. Kuma ai ba cewa suka yi har abada ba, cewa suka yi sai an gama yaƙi. Komai da lokacinsa.

Maman Ihsan: Baba Allah ya ƙara girma, amma hanawar me ta tsinana? Jamus ta auka musu 10 ga Mayu 1940, 14 ga Yuni tana cikin Paris, 22 ga wata an sa hannu. Sati shida. Fim ɗin yana kulle a sito duk wannan abin ya faru.

Baba Saje: 'Yata ban ce fim ne ke cin yaƙi ba. Mai gida in ya ji ɓarayi na unguwa yana rufe taga ko da ya san ta ƙofa za su shigo.

Ɗan Fagge: Baba ya kawo ta 😂 amma dai an shigo ɗin

Mushe Damagaram: Baba Saje maganarka tana da ƙamshin gaskiya, kuma dalilin da hukumar Faransa ta bayar ke nan, wai zai kashe wa mutane gwiwa. Ba shi kaɗai ba ma, wani fim ɗin Renoir na 1939, La Règle du jeu, shi ma da wannan hujjar aka kulle shi. Amma ga inda nike so ka duba. Da Jamusawa suka kama Paris, a watan Oktoba na 1940 ofishin farfagandarsu ya sabunta hanin. To in fim ɗin yana sanyaya jikin Bafaranshe ne, ai mai mamaya murna zai yi, ya sa a nuna shi safe da yamma kyauta. Me ya sa shi ma ya kulle? Saboda akwai wurin da ana tsakar wasan nan na kayan mata labari ya zo cewa Faransa ta ƙwato ganuwar Douaumont, wani Bature ɗan Ingila ya cire gashin kantin da ke kansa aka miƙe ana rera taken Faransa a gaban hafsoshin Jamus. Ka ga kowa abin da ya sosa masa rai ya gani. Paris ta ga Bajamushe mai kirki ta tsorata, Balin ta ga Bayahude mai kirki da taken Faransa ta tsorata.

Baba Saje: To ai ka taimake ni Malam. Duka biyun sojoji ne, duka biyun sun san aikinsu.

Ummi Tudun Wada: Ni dai tambaya gare ni don Allah kar a yi min dariya, sunan me yake nufi?

Mushe Damagaram: Babban ruɗi, ko babbar yaudarar kai. Daga sunan littafin wani ɗan Ingila Norman Angell aka aro, wanda ya rubuta kafin yaƙin farko cewa ƙasashen Turai sun sarƙe da juna a kasuwanci har yaƙi ba zai amfani ko wanda ya ci ba. A fim ɗin kuma kusa da ƙarshe Maréchal na fatan wannan ya zama yaƙin ƙarshe, abokin tafiyarsa ya nuna masa mafarki yake. Shekara biyu da fitowar fim ɗin aka koma.

Abban Sadiq: Ni fa wanda ya fi tsaya min a rai kwamandan nan ne, von Rauffenstein, da ƙarfe a wuya da farar safar hannu, yana rainon fure ƙwaya ɗaya tal a cikin ganuwar dutse. Shi da de Boëldieu, ɗaya hafsan Faransan da aka harbo tare da Maréchal, duk 'ya'yan sarauta ne, sun san gidajen juna, in suna so kar na ƙasa su ji sai su juya harshe zuwa Ingilishi. Wato ɗan sarautar Faransa ya fi kusa da ɗan sarautar Jamus a kan makaniken da suke ɗaki ɗaya. Amma duk da haka de Boëldieu ne ya hau saman ganuwa yana busa sarewa don a bi shi a bar talakawan biyu su sulale, kuma abokin nasa ne dole ya harbe shi. Ƙafa ya auna ya samu ciki. Bayan ya cika ya je ya yanke furen nan.

Ɗan Fagge: Kai Abban Sadiq ka gama ba mu labarin ai, me ya rage mu kalla

Abban Sadiq: Fim ɗin da ya girmi kakanka kake cewa na ɓata maka? 😂

Mushe Damagaram: Kuma abin dariya, shi wanda ya fito a kwamandan, Erich von Stroheim, ba ɗan sarautar komai ba ne, ɗan wani Bayahude ne mai sana'ar huluna a Vienna, da ya sauka Amurka a 1909 ya liƙa wa kansa "von" ɗin. Ganuwar kuma Haut-Kœnigsbourg ce a Alsace, cikin Faransa aka ɗauka.

Maman Ihsan: Baba Saje ina nan dai ban tafi ba. Ka ce sai an gama yaƙi ko? An gama a 1945. Da aka dawo da fim ɗin a 1946 cikakke aka nuna? A'a, sai da aka yanke shi, kuma aka yi ta surutu wai ya yi wa Jamusawa sassauci, wasu ma suka ce yadda aka nuna Rosenthal da dukiya cin fuskar Yahudawa ne. Fim ɗin da Goebbels ya hana saboda Bayahude fa. Matsalata da almakashi ke nan, ranar ɗaukarsa kowa ya sani, ranar ajiyewa ce babu.

Baba Saje: A 1946 mutane ba su daɗe da ganin kisan da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa da sauran mutane a sansanoni ba, wanda aka kashe wa uwa da uba ka ce ya zauna ya kalli Bajamushe mai fure? Ki yi musu uzuri. Ni ban ce a ƙone fim ba, cewa na yi a jinkirta.

Maman Ihsan: Wannan kam na karɓa Baba, na 1946 ina iya yi musu uzuri. Na 1940 ne ban yarda ba, don ba don jinƙan kowa aka yi ba, don kar yaro ya yi tunani ne kafin ya mutu.

Baba Saje: Tunani a bakin daga shi ke kashe yaro.

Abban Sadiq: Tunda Baba ya ambaci ƙonewa, Mushe ba mu labarin asalin faifan mana, na ji ka taɓa faɗa a wancan zauren.

Mushe Damagaram: Wannan shi ne an ba kura ajiyar nama ta riƙe amana. Da Jamusawa suka shiga Paris suka kwashe asalin faifan da kyamara ta ɗauka, uwar da ake wanko sauran daga jikinta. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka ya ƙone a wani ruwan bama-bamai na 1942. Ashe an kai shi Balin, ma'ajiyar finafinan gwamnatin Hitila, an adana shi tsaf. 1945 sojan Rasha suka ci Balin suka loda abin da suka samu sai Mosko, ma'ajiyarsu da ake kira Gosfilmofond. Daga baya aka yi musayar finafinai tsakanin Mosko da ma'ajiyar birnin Toulouse, faifan ya dawo Faransa cikin tarin gwangwanaye ba wanda ya san me ke ciki, don a lokacin kowa na ganin ai akwai fim ɗin a kasuwa, me za a duba. Shi kuwa Renoir bawan Allah ya sha wahalar tattara guntaye har ya sake haɗa shi a 1958, shekarar da aka sa shi cikin finafinai 12 mafi kyau a duniya a baje kolin Brussels. Ya mutu a 1979 bai san abinsa na kwance a ƙasarsu ba. Sai farkon shekarun 1990 aka gano. Wanda ka kalla jiya garau ɗin nan daga jikinsa aka wanko.

Ɗan Fagge: Wato wanda ya hana shi ne ya ajiye, mai shi kuma ya manta da shi a sito. Kai duniya

Ummi Tudun Wada: Su 'yan wasan fa ya suka ƙare da yaƙin ya zo?

Mushe Damagaram: Nan ma wani fim ɗin ne. Marcel Dalio da ya fito a Rosenthal Bayahude ne na gaske, 1940 ya gudu ta Lisbon zuwa Amurka, a bayansa aka riƙa manna hotonsa wai ga kamannin Bayahude, danginsa kuma suka mutu a sansanoni. Gabin shi ma Amurka ya tafi amma ya dawo ya shiga rundunar Janar de Gaulle ta Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, har tankar yaƙi ya jagoranta. Pierre Fresnay, shi da ya mutu don wasu su tsira a fim, ya zauna a Paris ya yi aiki da Continental, kamfanin fim na Jamusawa, bayan an kore su sai da aka tsare shi 'yan makonni. Akwai kuma wani siriri mai fitowa a malamin da kullum kansa na cikin littafi, Sylvain Itkine, shi ya shiga 'yan gwagwarmayar ɓoye, Gestapo 'yan sandan ciki na Hitila suka kama shi suka kashe a Lyon a 1944.

Baba Saje: Allah sarki. Ka ga wanda ba a zata ba shi ne namijin.

Ɗan Agadas: Ina ta karatu ban sa baki ba, amma akwai wanda duk kuka tsallake, kuma ban yi mamaki ba don su ma na cikin fim ɗin tsallake shi suka yi. A ganuwar nan akwai baƙar fata guda cikin fursunoni, Habib Benglia ne ya fito, haifaffen Oran. Ya gama wani zane ya kawo yana nuna wa Maréchal da Rosenthal, ko kallon kirki ba su yi masa ba suka ci gaba da zancen guduwarsu. Fim ɗin da ake ta yabo wai ya nuna ɗan Adam ɗaya ne, Bafaranshe da Bajamushe da Bayahude da ɗan Rasha, namu ko suna ba a ba shi ba.

Abban Sadiq: Wlh na gan shi amma ban riƙe ba, ka ga ni ma na shiga layi. Amma ba ka ganin da gangan Renoir ya yi? Don in bai damu ba ai ba zai sa shi ya zo ya yi magana a share shi a gaban kyamara ba.

Ɗan Agadas: Ko da gangan ne daƙiƙa nawa ya ba shi? Furen kwamanda ya fi shi samun lokaci. Kakana tiraye ne, wato sojan Afirka a rundunar Faransa, an ɗebe su daga nan aka kai su Faransa, 1940 aka kama su. Ba wanda ya gayyace su cin abinci a teburin kwamanda. A Chasselay kusa da Lyon cikin Yunin 1940 ware baƙaƙe aka yi daga farare aka bindige su, maƙabartar na nan har gobe. Waɗanda suka tsira ma Jamus ba ta so a kai mata su ƙasarta, a cikin Faransa aka tsare su, Senghor da ya zama shugaban Senegal daga baya na cikinsu. Da suka dawo suka nemi haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar, 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ne suka buɗe musu wuta, hukuma ta ce 35, masu bincike suka ce sun fi haka nesa. Kakana Allah ya sa ba ya cikin wannan ayarin, ya dawo da tari da lambar ƙarfe, har ya rasu ba ya son jin ƙarar rufe ƙofa.

Baba Saje: Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Wannan kam soja ne, ka gaida gida.

Maman Ihsan: Amin. To Baba ga tambaya, fim ɗin da Sembène ɗan Senegal ya yi kan Thiaroye a 1988 ya ci kyauta a Venice amma ya yi shekaru ba a nuna shi a silimun Faransa ba. Wane yaƙi ake a 1988?

Baba Saje: Wannan ba tsaro ba ne, kunya ce. Kar ki haɗa min su.

Maman Ihsan: Ai almakashin ɗaya ne Baba, wa zai tsaya a kansa ya ce yau tsaro ne gobe kunya?

Mushe Damagaram: Mu a nan ma tun kafin yaƙi aka ɗaure abin. Dokar Laval ta 1934, ba mai ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna, a duba labarin a duba wa za ka ɗauka. René Vautier da ya taka ta ya yi Afrique 50, ɗaurin shekara guda aka yanke masa, fim ɗin ya fi shekara 40 a kulle. Kuma ku na Najeriya ku tuna daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun gwamnatin Vichy, ta Faransa mai haɗa kai da Jamus, ku kuna hannun Ingila, Chadi kuma gwamnanta Félix Éboué ya bi de Gaulle tun Agustan 1940. Wato tsakanin Damagaram da Kano iyakar abokan gaba ce a takarda, alhali goro da gishiri da aure ba su san da wannan ba.

Ɗan Fagge: Mu kuma lokacin majigi ake kawo mana ƙofar fada, kakata ta ce har ta tsufa in ta ga farin bango da daddare sai ta tuna

Abban Sadiq: Eh mana, Ingila ta kafa sashen finafinan mulkin mallaka a 1939 don wannan aikin, a nuna mana abin da ake so mu gani. Silimar Rex ta Kano ma a 1937 aka buɗe ta, sa'ar fim ɗin nan ce.

Ummi Tudun Wada: To mu yanzu da muke da hukumar tace finafinai a Kano tun 2001, a wane layi muke, na Baba ko na Maman Ihsan?

Admin: Ummi don Allah a bar wannan a nan, ranar da aka taɓo ta sai da na cire mutum uku. A tsaya a 1940.

Baba Saje: Ni dai ina kan bakata kan 1940. Amma Abban Sadiq in akwai mai fassara a ƙasa ka turo min, ina so in ga mai gadin nan da idona, na ji ku ne kawai nake ta musu.

Maman Ihsan: Laaa Baba! Duk wannan dogon zancen ashe ba ka ma kalla ba??

Baba Saje: Su waɗanda suka hana ɗin kin tabbata sun kalla?

Abban Sadiq: 😂😂 Baba nawa da fassarar Ingilishi ne, kuma ya fi giga ɗaya, sai dai in Sadiq ya kawo maka a filas ranar Juma'a bayan an sauko.

Baba Saje: Ya taho da caja, tawa ta mutu.